Kiredit ɗin Kanti: Wa Ke Bin Wa Bashi?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar in tsaya gaban malamaina in yi magana, alhali kuwa a da in na tsaya gabansu, to ko dai tambaya zan amsa ko kuwa bulala zan karɓa. An nemi in yi magana a kan abin da ya shafi ilmi ya kuma shafi zaman duniya. Da na duba, sai na zaɓi kalma ɗaya tak ta Turanci, wadda babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa kwana da fargabarta ba. Kalmar ita ce kiredit.

Kalma ɗaya, fuska biyar

Mu dai farkon saninmu da kiredit a wannan makaranta ne. Hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ta koya mana cewa wanda ya sami C4 ko C5 ko C6 ya ci kiredit, wanda kuma bai haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba, to ƙofar jami'a za ta yi masa nauyin buɗewa. A nan kiredit abin alfahari ne, ana yi wa mutum barka da shi.

Da muka shiga ajin darasin kasuwanci, sai malam ya ce mana sayen kaya a kan kiredit shi ne cin bashi, wato abin nan da masu shaguna ke rubutawa a jikin ƙofa, "Ba bashi yau, sai gobe." A nan kuwa kiredit nauyi ne a wuyan mutum.

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, sai ga kiredit na uku, wanda ake kankarewa a jikin kati a loda. Bayansa bankuna suka fara aiko da saƙon alat, wanda in ka ga an rubuta kiredit a cikinsa sai ka yi murmushi don kuɗi sun shigo. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su kuma suna da na biyar, domin da kiredit ake auna nauyin kowane kwas.

To jama'a, yaya aka yi kalma ɗaya ta zama yabo, ta zama bashi, ta zama kuɗin shiga? Amsar tana cikin asalinta. Daga Latin ta fito, daga wata kalma mai nufin yarda da mutum ko gaskata shi. Mai shago ya yarda da kai ya ba ka kaya kafin ka biya. Hukumar jarrabawa ta yarda ka san darasin. Banki kuma da ya ce ya yi maka kiredit, ya rubuta ne a littafinsa cewa kana binsa kuɗi kaza, tunda kuɗin da ka ajiye naka ne. Wannan tsari na rubuta abin da ake bin ka a hagu da abin da kake bi a dama tsoho ne ƙwarai, don tun 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Banis. Saboda haka duk inda ka ji kiredit a harkar kuɗi, akwai tambaya guda da ya wajaba ka yi kafin ka yi murna ko baƙin ciki: wa ke bin wa?

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba

Kada mu ɗauka Bahaushe kaɗai wannan kalma ke wa wasa da hankali. Bari in kai ku Koriya ta Kudu, ƙasar da ke ƙera wayoyin Samsung da talabijin na LG da motocin Hyundai da Kia da muke gani a titunanmu. Ƙasa ce da ta fito daga mummunan yaƙi a 1953 cikin talauci, ta kama ilmi hannu bibbiyu har ta kai inda take a yau. Tun 1997 suke fara koya wa yara Turanci daga aji uku na firamare, iyaye kuma na kashe dukiya mai yawa a kan darasin yamma. Duk da haka kiredit na ba su wahala, kuma dalilinsu irin namu ne: abin da Bature ya tara a kalma ɗaya, su sun rarraba shi a kalmomi daban-daban.

Amincin da mutum ke da shi a wajen banki suna kiransa shinyong, da shi suke kiran katin cin bashi na banki. Bashin da mai shagon unguwa ke rubutawa a littafi suna ce masa wesang. Kiredit na kwas a jami'a kuwa hakjam ne. Ɗan ladan da kanti ke tara wa mai saye a asusunsa shi ma da sunansa daban. To in ɗan Koriya ya je Amurka karatu, ya sayi riga ta yi masa kaɗan, ya mayar, mai kanti ya ce ba za a ba shi kuɗi ba sai "store credit", wace kalma zai ɗauko daga cikin huɗun nan? Da yawa tunaninsu kan tafi ga katin banki ko ga bashi, su zaci ana tallata musu rance ne, alhali maganar ba ta nan take ba.

Akwai wani abin da zai ba ku dariya. Kalmar Turancin nan ta sabis, da 'yan Koriya suka are ta, sai suka mayar da ita sunan abin da mai sayarwa ke ƙara wa mai saye kyauta. Wato gyara ke nan a wurinmu. Ka ga ranar da ɗan Koriya ya nemi sabis a kantin Landan, shi gyara yake nema, Bature kuwa ya ji wani abu daban. Mu ma haka muka yi da kalmomin da muka ara. Kanti daga kalmar da a yau Bature ke nufin ɗakin cin abinci da ita muka samo shi. Tebur ya tashi daga abin ɗora littafi ya zama sana'a, har muna cewa wane mai tebur ne. Sito kuma a wurinmu ɗakin ajiyar kaya ne, irin wanda ake kulle buhunan gero da wake na ɗalibai a cikinsa, amma a bakin Ba'amurke kalmar da muka samo sito daga gare ta tana nufin shago ne sukutum. Don haka yaronmu da ya haɗa sito da kiredit a kansa, Allah kaɗai Ya san inda zai dosa.

To mene ne kiredit ɗin kanti?

Ga ma'anarsa a sauƙaƙe. Ka sayi takalmi na naira 20,000, ka je gida ka ga ya matse ka. Ka mayar wa kanti. Abu uku na iya faruwa. Ko su musanya maka da wani takalmin. Ko su mayar maka da kuɗinka a hannu ko a asusunka na banki, wanda shi ne a rasit ake rubutawa "refund". Ko kuwa su karɓi takalmin su riƙe kuɗin, su ba ka takarda ko kati ko bauca mai cewa kana da naira 20,000 a wurinsu, duk ranar da ka ga dama ka zo ka ɗauki kaya na wannan ƙima. Na ukun nan shi ne kiredit ɗin kanti.

Ku lura da abu biyu. Na farko, kai ne ke bin kanti, ba kanti ke bin ka ba. Na biyu, bashi ne da ba a biyansa da kuɗi sai da kaya, kuma a wannan kantin kaɗai. Ba za ka biya kuɗin makarantar yaro da shi ba, ba za ka sayi taki da shi ba. Sau da yawa ma akan sa masa wa'adi, in ya wuce ba ka kashe ba, ya bi ruwa. Dalilin da ya sa masu kanti ke son sa a fili yake: kuɗin ba su bar aljihunsu ba, kai kuma dole ka dawo, in ka dawo kuma da wuya ka tsaya daidai kan naira 20,000 ba ka cika wani abu ba.

Sai dai a yi hattara, domin a wasu wuraren, musamman a tsofaffin rubuce-rubuce, da wannan lafazin ake nufin bashin da kanti ke ba amintaccen abokin cinikinsa. Lafazi ɗaya, ma'ana biyu masu juya wa juna baya. Abin da ke raba gardama shi ne wurin da aka faɗe shi. In wajen mayar da kaya ne, kai ke bi. In wajen ɗaukar kaya ba biya ne, kai ake bi.

Abin yana gidanmu, suna ne bai da shi

Wani zai ce wannan ai al'adar Turawa ce, ina ruwan mai sayayya a kasuwar Dutsin-Ma da ita? To ku tuna sau nawa kuka sayi sukari da ganyen shayi a shagon unguwa, mai shago ya lalube akwati ya ce, "Alhaji, babu canji, naira ɗarinka tana nan, in yaro ya zo gobe ya ɗauki wani abu." Wannan naira ɗarin ita ce kiredit ɗin kanti, ba ragi ba ƙari. A farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi ƙamfa bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kowa ya ga yadda littafin mai shago ya zama shafi biyu: shafin waɗanda yake bi, da shafin waɗanda suka turo masa kuɗi ta waya fiye da kayan da suka ɗauka, suna cirewa kaɗan-kaɗan. Katin wayar da muke lodawa kullum shi ma ɗan gidan ne. Ka ba kamfani kuɗi, ya rubuta kana binsa, amma da kira da data zai biya ka.

Kakanninmu ma sun san ciniki a kan yarda tun kafin a haife mu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su John Holt, da UAC wadda aka kafa a 1929, sukan ba wakilansu kuɗi da kaya tun kafin kaka, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manoma, a biya da gyaɗa. Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da riƙon alƙawari ya yi fice a wannan harka. Harshenmu kuma cike yake da kalmomin fannin: bashi, rance, aro, lamuni, jingina, ajiya, adashi, kafin alƙalami. Kowace da gurbinta. Ba a cewa rancen riga, ba a cewa aron gero. Ke nan matsalarmu irin ta 'yan Koriya ce: kalmominmu sun fi na Bature yawa a nan, aikin shi ne sanin wadda za a ɗauko.

In za a bi ta tawa, da sai mu kira abin ajiyar kanti. Na san malamanmu na Hausa za su ce ajiya ai abin da ka ba da shi ake mayar maka, wannan kuwa kuɗi ka bari kaya za ka karɓa. Maganarsu gaskiya ce, ga fili ga mai doki, su kawo wadda ta fi.

Inda rashin sani ke cin kuɗi

Wannan magana ta wuce gardamar ƙamus, domin yanzu yaranmu daga ɗaki suke sayayya ta intanet. Wani matashi a unguwarmu, wanda ya ci kiredit a Turanci kuwa, ya ranci kuɗi wurin kawunsa ya yi odar waya daga wani kamfani. Waya ta zo da matsala, ya mayar. Aka aiko masa da saƙo cewa an yi masa kiredit ɗin kanti. Da ya ga kalmar sai ya tuna alat na banki, ya je ya ce wa kawu kuɗi sun dawo, gobe zai kawo. Mako biyu yana zarya wurin mai POS, asusu babu ko kwabo. Kawu ya fara zargin yaro ya cinye kuɗin, magana har ta kai gaban mahaifinsa. Sai da wani ya karanta saƙon a tsanake aka gane kuɗin na cikin asusun yaron na kamfanin, ba su fita sai dai a sayi wani kaya. Kalma ɗaya ta kusa ɓata zumunci, ta kusa sa wa yaron kirki sunan maƙaryaci.

Da ya san haƙƙinsa, da tun farko bai karɓa ba. Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da lahani ko ya saɓa da abin da aka siffanta masa, ya nemi kuɗinsa. Shari'ar Musulunci ta riga ta faɗi haka. Waɗanda suka karanta babin ciniki a Risala sun san wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a kayan da ya saya yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma in kaya lafiya lau yake, kai ne kawai ka sake shawara, to karɓar da mai kanti zai yi kyautatawa ce, wadda malamai ke kira iƙala, kuma an kwaɗaitar da ita. A irin wannan hali in kanti ya ce sai dai ka ɗauki wani kayan, bai zalunce ka ba.

Saboda haka ina roƙon kowa ya koya wa iyalinsa tambayoyi huɗu kafin biyan kuɗin kaya mai tsada. In na mayar, kuɗi za a ba ni ko kaya? Kwana nawa nake da su na mayarwa? In ajiyar kanti ce, tana da wa'adi? A ina aka rubuta? Ta huɗun nan ita ce uwa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Naira ɗarin canji ana iya barinta a baki, amma dubu hamsin a nemi takarda.

Kira ga malamai da ƙungiya

Iyayenmu malamai, ku gafarce ni in yi karambani a gabanku. Yawancinmu mun koyi Turanci ne ta hanyar jera kalmomi a allo, kowace da ma'ana ɗaya a gabanta, a haddace a zuba a jarrabawa. Hanyar ta fitar da mu, amma ba ta isar yaron da zai karanta rasit da saƙon banki da sharuɗɗan kamfani. Kalma kamar mutum take, ba a sanin halinta sai an ga abokan tafiyarta. Ina ba da shawarar malamin Turanci ya riƙa shigowa aji da rasit na gaske da takardar banki da katin waya, ya sa yara su nemo kiredit a cikin kowanne, su faɗi da Hausa wa ke bin wa. Yaron da ya iya mayar da magana cikin harshen uwarsa daidai, shi ne ya fahimce ta. Malamin Turanci da na Hausa da na kasuwanci in suka haɗa kai a darasi ɗaya a zango, za a ga bambanci.

Mu kuma 'yan ƙungiya, ga abu biyu da ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, mu saya wa laburaren makaranta ƙamusoshi. Akwai na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan a haɗa da ƙamus na masu koyon Turanci, irin mai kawo kowace ma'ana da misalinta a jimla. Na biyu, a cikinmu akwai ma'aikatan banki da lauyoyi da 'yan kasuwa da akantoci. Kowa ya kawo kalmomi goma da ya ga suna rikita mutane a wurin aikinsa, da bayaninsu cikin Hausa, a riƙa buga su a shafi ɗaya na mujallarmu kowace fitowa. Da haka, sannu a hankali, za mu tara wa ƙannenmu ɗan littafin da babu irinsa a kasuwa.

Kammalawa

Zan rufe da tambayar da na ce a riƙa yi, amma a kanmu. Tsakaninmu da wannan makaranta, wa ke bin wa? Mun zo nan muna yara, wasu da akwatin ƙarfe wasu da ƙullin tsumma, aka ciyar da mu, aka koyar da mu, ba a karɓi jingina ba, ba a sa mu mun sa hannu a takarda ba. Malamanmu sun ba da kayansu ne a kan yarda cewa wata rana za mu zama mutane mu waiwayo. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Namu ga shi nan a azuzuwan da rufinsu ke yoyo da laburaren da ke jiran littattafai, ma'aji kuma yana zaune a bakin ƙofa da littafin rasit.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.